Wa Yake Zuba Mini Gari a Kai?

A ƙauyenmu na bakin teku, a tsibirin Kadavu, akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai ji da gashinta. Gashi ne mai yawa, baƙi wuluk, a tsaye ya zagaye kai kamar na iyayenmu mata. Kullum da safe sai ta ɗauki dogon matajinta na katako ta yi ta tayar da shi, har sai an buga gangar makaranta sau biyu.

Tana zaune ne da kakarta, wadda take kira Bubu. Iyayenta suna aiki a Suva, babban birni, sai lokacin hutu ake haɗuwa.

Bubu tana da doka ɗaya. Kowace Asabar za ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta zaunar da jikarta a gabanta, ta shafa mata man kwakwa a fatar kai. Da haka yarinyar ta tashi.

Amma da ta dawo daga hutu a Suva, sai ta dawo da wani man gashi a gwangwani. Shuɗi ne, mai danƙo, mai ƙamshin alewa. Daga ranar ta ce ita ta girma. Man kwakwa na tsofaffi ne.

Asabar ta farko ta ce tana da aikin makaranta. Ta biyu ta ce cikinta yana ciwo. Ta uku kuwa ɓuya ta yi a bayan tankin ruwa. Tana can tana kwaikwayon muryar Bubu a hankali, har da 'yar rawar muryar: "Jikataaa, kawo kan nan, kafin tsuntsaye su yi sheƙa a ciki." Ta iya kwaikwayon sosai, har karen gidan ya ɗaga kunne.

Bubu ba ta matsa mata ba. Ta toshe kwalbarta, ta ce kai dai na mai shi ne.

Wata Litinin, ana tsakiyar darasin lissafi, yarinyar ta kalli kafaɗarta. Rigar makaranta shuɗiya ce mai duhu. A kanta akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo kamar garin rogo. Ta kakkaɓe su. Kafin a tashi tara, sun dawo.

Ta fara bincike.

Da farko ta zargi alli. Amma bencinta yana layi na huɗu, nesa da allo. Ta ɗaga kai ta duba rufin aji. Kwano ne, ba ya zubar da komai. Ta zargi tokar murhun Bubu. Amma a gida, inda take yawo da farar rigar babanta, ba ta taɓa ganin ko ɗigo ɗaya ba. Sai a makaranta.

"To," ta ce a ranta, "aikin mutum ne."

Wa yake zaune a bayanta? Unaisi.

Unaisi ba ta daɗe a ƙauyen ba. Bana iyayenta suka dawo daga wani tsibiri. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba a cika jin muryarta ba. Mamanta ce take yin man kwakwa mafi kyau a ƙauyen, Unaisi kuma ita take gurza mata kwakwar kafin ta taho makaranta. Sau da yawa za ka ga farin ɓarɓashi a gefen faratanta.

Yarinyar ta lura da wannan. Ta ajiye shi a ranta.

Akwai kuma maganar rawa. Ranar Juma'ar mako mai zuwa za a yi bikin rufe makaranta, 'yan mata za su yi rawar gargajiya ta meke a gaban dukan ƙauye. Malama Torika ta zaɓi mutum biyu su tsaya a tsakiyar layin gaba: yarinyar da Unaisi. Unaisi ba ta taɓa samun irin wannan ba. Har a hanyar rijiya ana ganinta tana gwada motsin hannu ita kaɗai.

Yarinyar ta haɗa wannan da wancan. Ashe so take a ga kaina da datti, a cire ni, ta tsaya ita kaɗai.

Sai kuma abu na uku. Ranar Talata ta ji wata 'yar iska a bayan wuyanta, alhali tagogi a rufe suke saboda ruwan sama. Ta waiga da sauri. Unaisi tana kallon littafi. Amma bakinta a tsuke yake, kamar mai shirin yin fito.

Ranar Laraba yarinyar ta ɗauko ɗan madubin Bubu, ta ɓoye shi a cikin littafin karatu. Ta jingina shi yadda za ta ga bayanta. Ta yi kamar tana rubutu. Idonta ɗaya yana kan takarda, ɗaya yana kan madubi.

Ba ta daɗe tana jira ba. Ta ga Unaisi ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta matso a hankali. Ta tsuke baki. Fuu.

Yarinyar ta miƙe tsaye, har benci ya yi ƙara.

"Malama, Unaisi tana zuba mini abu a kai."

Aji duka ya juyo. Ko wanda yake fiƙe fensir ya tsaya.

Kowa ya san kai ba abin wasa ba ne. Ba a taɓa kan mutum. Ko hannu za ka miƙa ta saman kan wani don ka ɗauko abu, sai ka sunkuya ka ce *tulou*, a yafe maka. Yaro ɗan shekara uku ma ya san wannan. A ce kuma an zuba wa mutum abu a kai da gangan? Wannan maganar ba ta tsayawa a aji. Har gida take zuwa.

Malama Torika ta ajiye alli. Ta tambayi Unaisi ko gaskiya ne. Unaisi ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ta zuba komai ba. Yarinyar ta ce ta gan ta a madubi tana huri. Malama ta tambayi Unaisi ko ta yi huri. Ta ce ta yi. Sau nawa? Ta ce da yawa.

"Me kike hurawa?"

Unaisi ta kalli yarinyar, ta kalli 'yan aji, ta mayar da idonta ƙasa.

Malama ta zo ta tsaya kusa da yarinyar, hannayenta a baya. Ta ga fararen ɗigon a kafaɗa. Ta leƙa gashin daga nesa. Gashin ya yi yawa, ba a ganin komai, ita kuma ba za ta sa hannu a kan 'yar mutane ba. Ta sake tambayar Unaisi. Unaisi ta ƙi faɗa.

A ƙarshe Malama ta yanke magana. Unaisi za ta koma bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Ba za ta shiga rawar meke ba sai an warware wannan magana. Za a kuma aika wa gidajen biyu.

Unaisi ta tattara littattafanta. Ba ta yi kuka ba.

Da aka fita tara, yara suka kewaye yarinyar suna son jin yadda ta kama ta. Ita kuwa abin nema ya samu. Ta lanƙwasa wuya, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta tsuke baki daidai irin na Unaisi. Fuu. Yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin a koma aji, sunan Unaisi ya zama Fuu-fuu.

Ranar Alhamis yarinyar ta zo makaranta tana taƙama. Ta zauna. Ba kowa a bayanta. Da aka yi rabin darasi ta kalli kafaɗarta.

Suna nan.

Ta waiga ta kalli Unaisi can a bakin ƙofa. Nisan ya yi yawa, ba huri da zai kai. To, ko tana da 'yar aike? Ta harari ta dama da ita. Ta harari ta hagu. Ta sa madubi, ta yi ta gadi har aka tashi. Ba wanda ya matso kusa da ita.

Ranar Juma'a Unaisi ba ta zo makaranta ba. Fararen ɗigon kuwa sun fi na kullum yawa. Ga ƙaiƙayi. Tana sosawa suna ƙara zubowa. Wata 'yar ajinsu ta leƙo ta ce, "Ke, kwakwa aka gurza a kafaɗarki?" 'Yan gefe suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba a taɓa yi mata irin wannan dariyar ba a da. Ta rasa dalili.

A hanyar gida ba ta kwaikwayi kowa ba.

Ta tarar da Bubu a gindin mangwaro, ta shimfiɗa tabarma, alhali ba Asabar ba ce. Bubu ta ce saƙon Malama ya iso. Ta ce wani saƙon ma ya iso. Baban Unaisi ya je gona ya tono saiwar yangona, irin wadda ake kaiwa gidan da aka yi wa laifi. Gobe da yamma zai zo ya zauna a ƙasa ya ba da haƙuri.

"Kafin babban mutum ya durƙusa a tabarmata," in ji Bubu, "zan ga kan da aka yi wa laifin. Zauna."

Wannan karon ba maganar ciwon ciki. Ta zauna.

Bubu ta ce, "Tulou," a hankali, kamar yadda take yi kullum ko da kan jikarta ne. Ta raba gashin da yatsu. Ta raba nan, ta raba can. Ta leƙa. Ta ce, "Uhum." Ta sake rabawa. Ta ce, "Uhummm."

"Bubu, mene ne?"

"Na ga mai laifin."

Yarinyar ta waigo. "Waye?"

"Yana nan zaune abinsa. Ya fi wata guda a nan, ko kuɗin haya bai biya ba."

Bubu ta ɗauko murfin baƙar tukunya, ta ce ta riƙe a cinyarta. Ta ɗan goga bakin mataji a fatar kan. Fararen ɗigo suka zubo a kan murfin, yuu, kamar ana tankaɗe.

"Amosani ne," in ji Bubu. "Daga fatar kanki yake fitowa. Ba mai zuba miki."

Daga nan Bubu ta fara nata binciken. Ta tambaye ta sau nawa take shiga teku bayan makaranta. Kullum. Tana ɗauraye kan da ruwan daɗi in ta fito? Wani lokaci. Wane lokaci? In ta tuna. Da wane sabulu take wanke kai? Na wanki. Wannan shuɗin abin mai ƙamshin alewa fa, tana wanke na jiya kafin ta shafa na yau? Yarinyar ta girgiza kai. Bubu ta ce gishirin teku ya busar da fatar, sabulun wanki ya ƙara, shuɗin abin kuma ya zo ya yi daɓe a kai.

"Amma a gida ba na ganinsa."

"Da farar riga? Ki zuba gishiri a farin faranti ki gani."

Bubu ta ce amosani ba abin kunya ba ne. Ta ce irin wannan ɗan kaɗan ne, a gida ma ana maganinsa. Da akwai ƙuraje ko miki, ko kuma ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, da sai wajen nas. Amma yarinyar ba ta jin wannan. Fuskar Unaisi take gani, lokacin da take tattara littattafanta.

Ta yi ƙasa da murya. "Bubu, ba sai an faɗa ba. A aika a ce na yafe mata."

Bubu ta leƙo fuskarta. "Kin yafe mata me?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Bubu ta ɗauko kwalbarta ta juya ta ƙasa. Ko ɗigo babu. Ta ce tun da mai kan ta girma, ta rabar da man ga masu so. Ta ce a ƙauyen nan gida ɗaya ne yake da sabon mai, kuma jikarta ta san gidan. Ta sa mata kwalbar a hannu. Ta ce gobe da sassafe, kafin mutumin nan ya sa rigarsa ta zuwa gidan mutane.

Gidan su Unaisi yana ƙarshen ƙauye. Yarinyar ta yi tafiyar kamar ƙafarta da ƙaya. Ta tarar da Unaisi a waje tana gurza kwakwa. Mamanta tana tace mai. Babanta yana zaune a bakin ƙofa, ga saiwar yangona a gefensa, an naɗe ta da kyau an ɗaure.

Yarinyar ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai. Ta gaishe su. Maman Unaisi ta amsa a gajarce, ta ci gaba da tatarta.

Bakin da ya iya muryar kowa ya rasa tasa. Da ƙyar ta ce ta zo ba da haƙuri. Ta ce Unaisi ba ta zuba mata komai ba. Ta ce amosani ne.

"Na sani," in ji Unaisi.

Yarinyar ta ɗago. "Kin sani?"

Unaisi ta ce tun ranar farko ta gani. Ita ma ta taɓa yi. Ta ce ta ga 'yan gefe sun fara leƙe, ta san za su yi dariya. Ba dama ta sa hannu kusa da kan mutum. Ba dama kuma ta ce wa wadda ba su saba ba, ga abin da yake kanki. Shi ne take hure shi kafin a gani.

"Kafaɗa nake hurawa, ba kai ba."

"To me ya sa ba ki gaya wa Malama ba?"

Unaisi ta kalle ta da mamaki. "A gaban aji duka in ce kina da amosani?"

Sai a lokacin yarinyar ta gane abin da ya sa ba a taɓa yi mata dariya ba sai jiya. Hawaye suka zubo mata.

Baban Unaisi ya ɗauki saiwar ya jinjina ta a hannu. Ya ce to, ya tono ta a banza ke nan, ga shi ita ce mafi girma a gonar. Ya ce amma ba komai, zai kai wa Bubu ita duk da haka, don tsohuwar da ta ƙi karɓar haƙuri kafin ta duba ta cancanci a gaishe ta. Ya dubi matarsa ya ce, "Ba wa 'yar sandar nan mai, kada ƙarar ta dawo kanmu."

Maman Unaisi ta yi murmushi a karo na farko. Ta cika kwalbar. Ta tsinko lemun tsami ɗaya ta haɗa mata. Ta ce a ajiye man a rana ya ɗan yi ɗumi, a ɗiga lemun kaɗan, ba da yawa ba. A shafa a fatar kai da tsokar yatsu, ban da farce. A bar shi ya ɗan jima. A wanke da sabulu mai laushi, a ɗauraye da ruwan tanki har sau uku. A wanke matajin ma. In an fito daga teku kuwa, a wuce tanki kafin a wuce ko'ina.

"Shuɗin abin nan kuma," in ji ta, "ki ba shi hutu."

Ranar Litinin, kafin a fara darasi, yarinyar ta ɗaga hannu. Ta fito gaban aji. Ta ce ta zargi Unaisi a kan abin da ba ta yi ba. Ta faɗi abin da Unaisi take hurawa, da dalilin da ya sa ta yi shiru. Ta faɗi kalmar da bakinta, da ƙarfi, har na bakin ƙofa suka ji: amosani.

Wasu suka fara ƙyalƙyala. Malama Torika ta ce duk wanda aka taɓa yin amosani a gidansu ya ɗaga hannu. Ita ta fara ɗaga nata. Hannaye suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, har dariyar ta mutu.

Malama ta ce ita ma ta yi gaggawa, da tun farko ta aika wa Bubu ta duba. Ta ba Unaisi haƙuri. Ta ce ta koma bencinta, ta kuma koma wurinta a layin gaba.

Da aka fita tara, wata ta ce wa yarinyar ta ƙara yi musu Fuu-fuu. Ta ce wannan wasan ya mutu, amma tana da sabo. Ta ɗauki littafi ta buɗe, ta haɗe rai, ta sa ido ɗaya a kan takarda ɗaya a gefe. Ta harari dama, ta harari hagu, ta harari rufi, tana sosa kai. Yara suka gane ko wace ce. Suka yi dariya fiye da ta ranar Laraba. Unaisi ma ta yi, ta rufe baki da hannu. Daga ranar ba a sake jin sunan Fuu-fuu ba.

Sau biyu Bubu ta shafa mata man a cikin makon. Ƙaiƙayin ya kwanta. Ɗigon ya ragu, ko da yake bai gama tafiya ba. Bubu ta ce abin da ya yi wata yana taruwa ba zai tafi a kwana biyar ba.

Ranar Juma'a dukan ƙauye ya hallara a filin makaranta. 'Yan mata suka jeru a bayan aji, da furanni a wuya, suna jiran a fara kiɗa. Yarinyar da Unaisi suna gaba. Yarinyar ta karkata wuya tana ƙoƙarin ganin kafaɗarta.

"Akwai?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Guda biyu," in ji Unaisi.

"To me kike jira?"

Unaisi ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta ce, "Tulou." Ta tsuke baki. Fuu.

Suka shiga fili suna danne dariya. Bubu da Baban Unaisi suna zaune a tabarma ɗaya, suna gardamar wace ce ta fi iya juya hannu.

Tun daga nan, kowace Asabar yarinyar ce take shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro da kanta. Ta koyi cewa idan abu ya same ka, ka fara duba kanka kafin ka zargi wani. Ka kuma tambayi babba kafin ka ɗora wa mutum laifi, don wanda kake zargi yana iya zama shi ne yake rufa maka asiri.